Daga Fata Zuwa Pelle: Wata Guda a Italiya

Shekara goma sha ɗaya ina sayar wa Italiyawa fata, ban taɓa yin magana da ɗayansu baki da baki ba. Sana'ar gidanmu ce. Mu tara fatun awaki da na tumaki daga Sakkwato da Gusau da Maraɗi, mu kai kamfanin jima a Sharaɗa ko Chalawa, a yi musu rabin jima, a ɗaure, a loda su bi ta Legas. Duk maganar da ke tsakanina da mai saye ta bakin tafinta take bi, shi kuma yana da la'adarsa a kowace kwantena. Ba na zarginsa da komai. Amma wata rana ina zaune kusa da shi, Baturen ya yi ta zuba a waya kusan minti biyar, da aka kashe sai ya juyo ya ce mini, "Wai kayan sun yi." Na ce a raina, ai minti biyar ta fi ƙarfin "kayan sun yi". Tun daga ranar na ƙudura sai na ji da kunnena.

Wahalar biza ba sai na cika ku da ita ba: takardar samun gurbi a makarantar koyon Italiyanci da ke birnin Perugia, bayanin banki, shaidar masauki, inshorar lafiya ta yuro 30,000, sai jira. Uwargida ta haɗa mini kilishi da dambun nama har leda uku, wani abokina da ya saba zuwa Turai ya ce in fitar da su tun a gida, domin ba a yarda matafiyi ya shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko madara a jakarsa ba. Yara suka ci rabonsu. Ni na tsira da yaji da ganyen shayi.

Na tashi daga Kano a ƙarshen Oktoba, muka yada zango a Addis Ababa, muka kwana a sama, muka sauka filin jirgin Fiumicino na birnin Rum da asuba. Abin da na fara lura da shi, ba sai na taɓa agogona ba. Lokacin sanyi agogon Italiya da namu ɗaya ne.

Kalma uku na riƙo daga gida, waɗanda na tsinta a waya: ciao, grazie, sì. Da layi ya zo kaina wurin duba fasfo, na miƙa wa jami'in takarduna da fara'ata na ce, "Ciao!" Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Buongiorno," yana jan kalmar kamar malamin da ke gyara wa almajiri karatu. Ya tambaye ni da Turanci me na zo yi, a ina zan sauka, yaushe zan koma. Ya duba takardar makaranta ya bar ni na wuce. Sai bayan kwana huɗu na gane abin da na aikata.

Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa da ke kai mutum babbar tashar Termini cikin minti 32, yuro 14 na biya. A Termini na sayi tikitin Perugia na takarda, na koyi kalmar binario domin dole, ita ce dandamalin da jirgi ke tsayawa, na shiga na zauna ina jin kaina ɗan gari. Mun wuce Orte sai ga mai duba tikiti. Ya juya nawa gaba da baya, ya ce wata magana mai tsawo wadda kalma ɗaya kawai ta yi ta dawowa a cikinta: convalidare. Ashe irin wannan tikitin sai ka cusa shi a wata 'yar na'ura da ke bakin dandamali ta buga masa rana da lokaci kafin ka hau, in ba haka ba tamkar ba ka da tikiti ne, tara ce. Wata tsohuwa da ke gefena ta sa baki, suka yi ta kai da kawowa da hannaye. Daga ƙarshe ya zaro biro ya rubuta kwanan wata a kan tikitin, ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancina. Wannan yatsan bai buƙaci tafinta ba.

Terni, Spoleto, na canza jirgi a Foligno, muka wuce Assisi tana maƙale a jikin dutse fara fat. Da na ga allo an rubuta Perugia Ponte San Giovanni na yi wuf na ɗauki jaka, wani saurayi ya riƙe mini hannu ya ce, "La prossima." Ta gaba. Na rubuta ta a bayan tikitin da ya kusa ja mini tara.

Tashar Perugia a gindin tudu take, garin kuwa yana can sama kamar an ɗora shi a kan Dala da Gwauron Dutse an haɗe. Ana hawa da wasu 'yan ƙananan taragai marasa direba da suke kira Minimetrò, yuro ɗaya da rabi, suna zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar jerin tururuwa. Ɗakin da na kama a gidan wata dattijuwa yake, hawa na uku, babu na'urar hawa, yuro 380 a wata har da wuta da ɗumama ɗaki. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Milan. Ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo, kuma wannan shi ne alheri mafi girma da na samu a tafiyar, ko da yake a daren farko ban ga haka ba. Ta jawo ni kicin ta nuna mini bokitan shara: carta, plastica, vetro, umido. Takarda daban, roba daban, kwalba daban, ragowar abinci daban, kowanne da ranar fitar da shi. Kalmomin farko da aka koya mini a ƙasar Dante, babban mawaƙinsu, ke nan, sunayen shara.

Washegari na dawo daga kewaya gari na buɗe ƙofar falo na shiga kai tsaye, ta tsayar da ni. Ta fita waje da kanta, ta ƙwanƙwasa, ta leƙo kai ta ce, "Permesso?" Ta dawo ciki da gudu-gudu ta amsa wa kanta, "Avanti!" Na yi dariya har da riƙe ciki, domin wannan ai "gafaranku dai masu gida" ce da "bismillah, shigo". Wani abu ya kwanta mini a rai tun daga lokacin. Mutanen da suka san neman izini a bakin ƙofa, za mu iya zama da su.

Jami'ar da ake koyar da baƙi harshen Italiyanci a Perugia ta fara darussanta tun 1921, a wani tsohon gidan sarauta take mai suna Palazzo Gallenga, daura da wata ƙofar gari ta dutse da ta haura shekara dubu biyu a tsaye. Kullum na wuce ta ƙarƙashinta sai na tuna abin da ya rage na badalarmu, in yi shiru. Aka yi mana gwaji aka jefa ni ajin A1, ajin 'yan share fage. Mu goma sha shida: 'yan China sun fi rabi, wani limamin coci ɗan Anambra da aka turo karatu, 'yan mata biyu daga Amurka, wani ɗan Japan da ya zo koyon girki, wani likitan haƙori ɗan Libiya, sai ni mai furfura a gemu. Gemu dai ba ya hana ilimi, amma yana sa a riƙa kallonka duk lokacin da ka yi kuskure.

Malamarmu ba ta taɓa furta kalmar Turanci a aji ba. Ta nuna ƙirjinta ta ce "Mi chiamo", ta faɗi sunanta, ta nuna ni ta ce "E tu?" Haka aka fara. A rana ta biyu aka zo gaisuwa, nan asirina ya tonu. Ciao ta abokai ce da yara da dangi. Wanda ka girmama ko ba ka sani ba, buongiorno za ka ce masa da safe, buonasera da yamma, in za ku rabu arrivederci. Wato abin da na yi wa jami'in fasfo kamar ka shiga gaban alƙali ne ka ce masa "ya ne?" Abin dariyar kuma, asalin ciao daga bakin mutanen Venezia ta fito, ma'anarta "ni bawanka ne", gaisuwar ƙasƙantar da kai ce irin ta fada, yau ta koma ta 'yan samari.

Sai maganar tu da Lei. Mu in za mu girmama mutum ɗaya sai mu mai da shi jam'i: kun tashi lafiya, me kuka ce. Su kuwa sai su mai da shi mace da ba ta wurin. Lei ma'anarta "ita". Ƙato mai gashin baki yana tsaye a gabanka, ka ce masa "Come sta?", wato kamar "yaya take?", shi ke nan ka girmama shi. Abokinka kuwa "Come stai?" Harafi ɗaya ne tsakanin ladabi da raini. Neman afuwa ma haka, scusi ga babba, scusa ga tsara. Malama ta ce a kudancin ƙasar har yanzu tsofaffi suna cewa voi, wato "ku", irin tamu sak. Na ce da a can aka kai ni da na huta.

Gaisuwarsu dai gajera ce har ta yi yawa. Da safe in ce wa mai gidana buongiorno, ta amsa, shi ke nan, ni kuma bakina yana ƙaiƙayin ina gajiya, ina aiki, yaya sanyi, yaya yara. A mako na biyu na fara haɗa mata da abin da na iya: "Come sta? E i figli? E il lavoro? E il freddo?" Ran farko ta zaci wani abu ya faru da 'ya'yan nata. Daga baya ta saba, har in na manta ita ke tuna mini: "E il freddo?"

Inda na fara jin daɗin ajin shi ne ranar da aka zo namiji da mace. A Italiyanci kowane suna ko namiji ne ko mace, yawanci mai ƙarewa da o namiji, mai ƙarewa da a mace: il libro, littafi, la porta, ƙofa. 'Yan Amurka suka dafe kai, 'yan China suka yi tsuru-tsuru, yaya za a ce ƙofa mace ce? Ni kuwa na gyara zama. Ƙofa ai mace ce tun a gidanmu, riga mace, mota mace, hula mace, kuma da a suke ƙarewa. Na yi ta amsa tambayoyi ranar har malama ta ce "Bravo". Girman kai ya ɗan shige ni, sai harshen ya rama. Gida namiji ne a wurinmu, casa mace. Ruwa namiji, acqua mace. Rana da muke ce wa "ta fito", a can il sole ne, namiji. Wata da muke ce wa "ya tsaya", a can la luna ce. Kamar da gangan suka juya mana sama. Kalmar rana kanta akwai ta a Italiyanci, sai dai kwaɗo take nufi. Da na gaya wa malama cewa mu rana muke kiran abin da ke haskaka duniya, ta yi dariya har ta zauna. Suna da nasu 'yan tawayen kamar yadda muke da gida da ruwa da suna: il problema namiji ne duk da a ɗinsa, la mano, hannu, mace ce duk da o ɗinta.

Jam'i kuwa wasan yara ne ga wanda ya taso da gida gidaje, doki dawaki, jirgi jirage, ƙasa ƙasashe. Su o ta koma i, a ta koma e, an gama: libro libri, porta porte. Haka baƙaƙe masu shadda. Italiyawa suna bambanta sete, ƙishirwa, da sette, bakwai. Nono, na tara, da nonno, kaka namiji. Casa da cassa, wurin biyan kuɗi. 'Yan ajinmu sun sha wuya a nan, musamman a kalmar anno, shekara, wadda in ka sassauta n ɗinta ka faɗi abin da ba a faɗa a gaban surukai. Ni kunnen da ya san baba da babba, daba da dabba, mana da manna, bai ga abin wahala ba. Harafin r ɗinsu mai karkarwa ma muna da shi. Rubutun ci da ce kuwa yadda muke karanta su a boko haka suke karanta su, sai dai ca da co da cu su koma ka, ko, ku, sannan che da chi su zama ke da ki.

To, sai P.

Bahaushe da P sai Allah. Ni da na yi shekaru ina cewa fasfo da fakiti da famfo ba wanda ya taɓa tsayar da ni. Ranar da na ɗaga hannu zan nemi izinin fita, maimakon "Posso?", wato "zan iya?", sai na ce "Fosso?" Fosso kwalbati ne, ko rami. Ajin ya ɗauka. Sunan garin da nake zaune Feruja nake ce masa. Per favore, "don Allah" ɗinsu, tana da P da F da V a jere kamar an shirya mini tarko. Mafi ciwo, abin da ya kawo ni ƙasar, fata, sunanta pelle. Malama ta tambayi kowa sana'arsa, na miƙe na ce ina sayar da "felle". Ta ce, "Come?" Na sake. Sai da na kama fatar hannuna na ja. Ta ba ni magani: in riƙe 'yar takarda a gaban baki, in rufe leɓɓa ruf, in sake su da ƙarfi sai takardar ta motsa. Dare da yawa ina zaune a bakin gado, ni da nake da 'ya'ya a jami'a, ina hura takarda: pane, pepe, pelle, posso. Mai gida ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ta tambaya ko lafiya.

Aikatau ne ya fi cin lokacinmu. Mu kalmar aiki tana nan yadda take, wakilin suna ne ke canzawa: na tafi, ka tafi, mun tafi. Su wutsiyar kalmar ce ke canzawa, wakilin sunan ma sai su yar da shi: parlo, parli, parla, parliamo, parlate, parlano. Na haddace su kamar yadda muka haddace fa'ala fa'alaa fa'aluu a makarantar dare, ni da ɗan Libiya muna bita a kan matakalar babban cocin garin, gaban maɓuɓɓugar Fontana Maggiore, inda ɗalibai ke zama shan hantsi. Wasu abubuwan sun zo mini daidai da bakinmu. Ba sa cewa "ni ne shekara kaza" irin na Turanci, cewa suke "ho quarantasei anni", ina da shekara arba'in da shida. Yunwa da ƙishirwa da sanyi ma "da su" ake: ho fame, ho sete, ho freddo. Wannan ta ƙarshen na fi kowa amfani da ita, domin iskar Nuwamba a kan tudun nan ta sa na daina kiran hunturun Kano sanyi. Kafin ƙarfe biyar rana ta faɗi. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar ana korarsu, sai na riƙa yawo da 'yar dardumata a jaka.

Abinci kuwa, jimla ɗaya ce ta riƙe ni wata guda: "Senza maiale, per favore." Ban da alade. Sai dai aladen Italiya sunaye gare shi kamar basarake: prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, lardo, da strutto, kitsensa da ake sakawa a wasu burodi da kayan fulawa. Yankin Umbria kuma, inda Perugia take, ya shahara wajen sarrafa shi. Na rubuta sunayen a bayan littafina ina dubawa kamar mai duba lambar waya. Akwai wata gurasa tasu, torta al testo, da ake gasawa a kan faranti mai zafi, da na gan ta sai na tuna gurasar Jakara. Nakan ce a cusa mini ganye da cuku a ciki, in koma gefe in barbaɗa yajina. Nama sai a shagunan Larabawa da 'yan Bangaladash da ke wajen tasha. Burodin garin kuwa lami ne, babu gishiri ko ƙwaya. Na yi zaton mantuwa aka yi, na koma wani shago, haka. Mutanen garin suna cewa tun 1540 ne, lokacin da Fafaroma Paul na Uku ya ɗora musu harajin gishiri suka yi bore, ya murƙushe su, ya gina ganuwar Rocca Paolina a kan gidajen manyansu. Yau matakala mai tafiya da kanta ce ke ratsa cikin ganuwar, kana hawa kana ganin tsofaffin lunguna a ƙarƙashin ƙasa. Fushin shekara kusan ɗari biyar, har yanzu yana cikin burodi.

Wata safiya na shiga bar, wanda a can wurin shan gahawa ne, na ce a ba ni latte, ina jiran shayin madara mai kauri. Aka ajiye mini kofin madara zalla. Daidai abin da na nema ke nan. Gahawarsu, caffè, kurɓi biyu ce a ɗan kofi kamar na shayin Buzaye, yuro ɗaya da 'yan canji in ka sha a tsaye, in ka zauna a tebur kuɗin ya ƙaru. Sukari zucchero ne, lemon tsami limone, duk daga bakin Larabawa muka samo mu da su.

A wajen tasha na haɗu da wani ɗan'uwa. Ina waya da gida sai na ji an ce a bayana, "Alhaji, sannu da zuwa." Ɗan zangon Kumasi ne, ta Agadas da Libiya ya bi ya tsallaka teku shekaru tara da suka wuce, yanzu yana aikin gini. Bai taɓa zama a aji ba, amma bakinsa yana gudu kamar famfo. Da na nuna masa jadawalin aikatau ɗina ya yi dariya ya ce, "Alhaji, duk wannan na masu takarda ne. Ka riƙe allora, ka riƙe va bene, ka riƙe piano piano, sauran hannu ne." Piano piano ita ce sannu sannu. Ya kai ni masallacin Juma'arsu, wani ɗaki mai faɗi a ƙasan bene, huɗuba da Larabci a maimaita da Italiyanci. A nan na fara tsintar kalmomi a cikin magana mai gudu: fratelli, 'yan'uwa; pazienza, haƙuri; Dio, Allah. Da muka fito ya ce shekara tara bai ga mahaifiyarsa ba. Ban sami abin ce masa ba a kowane harshe.

Ranar Litinin ta makon ƙarshe na nemi izini na kama hanyar abin da ya kawo ni. Jirgi zuwa Firenze wajen awa biyu, daga nan na hau na hanyar Pisa na sauka a tashar San Romano, kusa da Santa Croce sull'Arno. Tun kafin in ga kamfani ko ɗaya hancina ya gaya mini na iso. Warin majema ɗaya ne a duk duniya. Wannan yanki da Arzignano a arewa da Solofra a kudu su ne manyan garuruwan jima na Italiya. Kamfanin jima conceria ne, akuya capra, tunkiya pecora. Sai ga sabuwar fitina: mutanen wannan yankin na Toscana ba sa furta k a tsakiyar magana, h suke yi. Casa da na sha wuyar koyo ta koma "hasa". Na tuna yadda Basakkwace ke cewa hita da huska, na ce ashe kowa da Sakkwatawansa.

Mutumin da na yi shekara goma sha ɗaya ina aika wa kaya dattijo ne gajere, hannayensa sun rine kamar na majeman Kano. Na tsaya a bakin ofishinsa na ce, "Permesso?" Na ce, "Buongiorno, come sta?" Na rufe leɓɓa ruf na ce ni ne mai pelle na Kano. Ya miƙe tsaye, ya kama hannuna da hannu biyu, ya ƙwala wa ɗansa kira.

Ya ja ni cikin sito, ya zaro fata ɗaya daga cikin kayana, na gane ɗaurinmu. Ya shimfiɗa ta a tebur ƙarƙashin fitila, ya shafa fuskarta da bayan yatsu ya ce, "Il fiore." Fure. Haka suke kiran fuskar fata, kuma ya ce furen jar akuyarmu ba shi da na biyu, bellissimo. Sannan ya juya ta ciki, ya sa yatsa a wasu layuka: "Tagli. Tagli. Coltello." Yanka, yanka, wuƙa. Kuskuren fiɗa ne, inda wuƙar mahauci ta zarce. Ya nuna wasu 'yan ɗigo, zecche, cizon kaska. Ya nuna graffi, karcen ƙaya. Ya yi ta magana, ina kama ɗaya ina rasa uku, ina cewa, "Più piano, per favore," yana rage gudu na numfashi biyu ya sake ɗauka. Amma na fahimci gundarin: shekara da shekaru yana cewa in za a rage yankan wuƙa zai mai da kashi mai yawa na kayan prima scelta, zaɓin farko, ya ƙara kuɗi. Minti biyar ɗin nan ke nan. Ita ce ta zo mini a "kayan sun yi".

Muka koma ofis maganar farashi, a kan kowace ƙafa murabba'i, piede quadro. Lambobi na haddace su tsaf, amma sessanta da settanta, sittin da saba'in, a bakin Batoskane mai sauri kamar tagwaye suke. Ya faɗi tayinsa, na ji "uno e sessanta". Na ɓata rai irin na kasuwa, na girgiza kai, na ce a raina albarka, na ce masa, "No. Uno e sessantacinque," wato a'a, ɗaya da sittin da biyar. Ɗan ya dubi uban. Uban ya dube ni. Ɗan ya miƙo hannu da sauri yana dariya, "Affare fatto!", wato ciniki ya faɗa. Dattijon ya buge masa hannu, ya jawo takarda ya rubuta 1,70 da babban rubutu, da waƙafi a inda muke sa ɗigo, ya juyo mini da ita. Saba'in ya taya. Ni da bakina na yi wa kaina ragi. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Piano piano." Muka tsaya a kan saba'in ɗinsa, da alkawarin ƙari in wuƙa ta gyaru.

Wani ma'aikacinsu ɗan Senegal, suna da yawa a garin, ya yi mini sallama ya nuna mini lungun da suke salla bayan injinan. Da rana dattijon ya kai ni cin abinci, kafin in buɗe baki ya gaya wa mai kawo abinci da kansa, "Senza maiale, senza vino," ban da alade, ban da giya.

Ranar da zan bar Perugia mai gidana ta ba ni kwalin cakulan Baci na garin in kai wa yara, ta ce daga yau in daina ce mata Lei, in ce tu. Na kasa. Bakina ya ƙi, kamar a ce in kira yayar mahaifiyata da sunanta. Na buga tikitina a na'ura har sau biyu don tabbatarwa. A Fiumicino na ce wa jami'in fasfo buonasera tun kafin ya ɗago kai.

Kwana goma da dawowata ina sito a Sharaɗa muna ƙirga kaya, waya ta yi ƙara, lambar Italiya. Su in sun ɗauki waya "Pronto" suke cewa, wato a shirye nake. Na ɗauka da sauri, ban tsaya rufe leɓɓa ba. Mun yi minti huɗu, na ce ya maimaita sau uku, na roƙe shi ya turo lambobin a rubuce ta WhatsApp. Da na kashe sai na ga yaran sito sun daina aiki suna kallona. Washegari zan tafi Gusau in zauna da sarkin fawa a kan maganar fiɗa, ina shiga mota na ji ɗaya daga cikinsu yana ce wa direba, "Ka ja a hankali, Alhaji Fronto ka ɗauko."